Sharhi: Karen mota na gaske, da haƙƙin da ke wuyan mai shi

A ƙasar Hausa idan aka ce "karen mota", ba wanda zai kawo dabba a ransa. Yaron nan ake nufi da ke maƙale a bayan babbar mota, mai loda kaya da sauke su, wanda ya fi kowa shan rana, ya kuma fi kowa ƙarancin lada. Waɗanda suka laƙaba masa sunan sun san abin da suke nufi, domin a wurinsu kare shi ne abin da ake tafiya da shi ba tare da an tambayi lafiyarsa ba. To, a nan ƙasar Saudiyya kalmar ta soma samun ma'anarta ta zahiri, kuma abin da ke faruwa ya cancanci a dube shi da idon basira.

Da zarar hunturu ya kama, wato daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, mutanen Jidda kan fice bayan gari su kwana a sahara, al'adar da suke kira "kashta". Wanda duk ya tsaya a bakin titi a unguwar Madain Fahd da ke kudancin birnin da yammacin ranar Alhamis, zai ga motoci suna ta wucewa ɗauke da tantuna da darduma da jarkokin ruwa. Wasu sun nufi Usfan ta arewa, wasu bakin teku a Shu'aiba, wasu kuma duwatsun Ɗa'ifa. A cikinsu akwai motocin nan masu ɗaki da gado da madafa da makewayi, waɗanda Larabawa ke kira "karafan". Tun daga watan Satumba na shekara ta 2019, lokacin da hukumomin ƙasar suka fara ba da bizar yawon buɗe ido, Turawa ma kan shigo da nasu. Jefi-jefi kuma, idan mutum ya lura, sai ya hango kan kare ta taga.

Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. A shekara ta 2006 hukumar umurni da kyakkyawa da hani da mummuna ta sa aka hana sayar da karnuka da kyanwoyi a Jidda da Makka, a 2008 kuma aka ɗauki irin wannan mataki a Riyad, har da hana fita yawo da su. Amma a 2020 sai ga shi an buɗe gidan shan gahawa a birnin Alkhobar inda mutane ke zuwa tare da karnukansu.

Na san mai karatu zai ce ai maganar da ya kamata a fara yi ita ce ko ya halatta Musulmi ya ajiye kare don sha'awa kawai. Wannan fage ne na malamai. Sun yi bayanin cewa an yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gadin gona, an kuma san cewa mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, saɓanin ra'ayin da ya fi rinjaye a nan. Sai dai duk inda muhawarar ta tsaya, akwai gaɓar da babu jayayya a kanta. Hadisan da suka yi gargaɗi kan ajiye kare, a littattafan da suke a nan ne kuma aka rawaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ra'ayina shi ne, mota kulle ce. Wanda ya ɗauki kare ya saka a mota ya yi nisa da shi, ya raba shi da duk wata dabarar da Allah ya hore masa ta neman ruwa da inuwa, saboda haka nauyin gaba ɗaya ya dawo kansa.

Tafiya da kare ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A duwatsun Shuwaymis da Jubba da ke lardin Ha'il, masu binciken kayan tarihi sun ƙirga zanen karnuka kusan 350, kuma a rahoton da suka fitar a shekara ta 2017 sun nuna cewa wasu daga cikinsu an zana su da igiya ɗaure a ƙugun mafarauta, zanen da ake kyautata zaton ya kai shekaru 8,000. Larabawan ƙauye sun daɗe suna yawo da karen saluki, kamar yadda Buzaye ke yawo da nasu siririn karen a kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Fulani kuma ke tafe da nasu a bayan garke. Amma a lura da yadda waɗannan mutane ke tafiya. Sammako suke yi, su ya da zango kafin rana ta take, su sake tashi da la'asar. Karen yana ƙasa, idan zafi ya dame shi ya tona rami a gindin itace ya kwanta. Rijiyar da aka shayar da raƙuma ita ce aka shayar da shi. Ba lallai ne makiyayi ya fi ɗan birni tausayi ba, illa dai zafin da ke dukan karensa shi ma yana dukansa.

Mai karafan kuwa yana zaune cikin sanyin na'ura, jikinsa ba ya gaya masa komai. A nan haɗarin yake. Kare ba ya gumi irin na ɗan Adam, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafarsa. Da haki yake fitar da zafi, ya zaro harshe iska ta busar da yawun. Wannan dabara tana aiki inda iska take a bushe, kamar Agadas ko Sakkwato da rani. A Jidda kuwa, da ke bakin Bahar Maliya, iskar cike take da laima, yawun ba ya bushewa, sai kare ya yi ta haki a banza. Zafin jikinsa na yau da kullum tsakanin digiri 38 da 39 ne a ma'aunin Salsiyos, idan ya haura 41 kuwa, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun shiga haɗari. Garin da muke magana a kai ya taɓa ganin digiri 52 a watan Yuni na 2010, kuma ko a tsakiyar hunturu ba abin mamaki ba ne rana ta kai digiri 30.

Wasu likitoci a Jami'ar Stanford ta Amurka sun auna motocin da aka ajiye a rana, suka buga sakamakon a shekara ta 2005. Sun gano cewa cikin sa'a guda zafin cikin mota kan ƙaru da kimanin digiri 22 a kan na waje, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuma a rabin sa'ar farko yake aukuwa, sannan ɗan sassauta gilashi bai canza komai ba. Domin yara ƙanana suka yi binciken, amma hukuncin ɗaya ne. Mai karafan zai ce ai ya bar na'urar sanyaya iska a kunne kafin ya tafi kamun kifi. To, na'urar da janareta take aiki ko da batir, mu kuwa da muka fito daga Nijeriya ba sai an yi mana lacca a kan halin janareta ba. Mai ya ƙare ko waya ta saki, ɗakin ƙarfen ya koma tanda, ba kuma mai buɗe ƙofa.

Daɗin daɗawa, ba motar kaɗai ke kisa ba. Masana a kwalejin likitocin dabbobi ta Landan da Jami'ar Nottingham Trent sun duba bayanan karnuka sama da 900,000 a Birtaniya, suka bayyana a 2020 cewa kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda zafi ya kayar, guje-guje ne ya jawo musu, na cikin mota kuwa kashi 5 ne kacal. A Birtaniya ke nan, ƙasar da ake roƙon rana. Kare ba ya sanin ya gaji muddin ubangidansa na gaba, zai bi shi a kan rairayi mai ƙuna har ya faɗi. Abin ya fi muni ga karnukan da ake sayowa da tsada daga Turai don ado, masu dakakkiyar fuska da gajeren hanci, ko masu gashin da aka halitta domin ƙanƙara. Saluki da karen Azawak doguwar ƙafa gare su da siririn jiki da ɗan gashi, ƙasarsu ce ta ƙera su haka.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Kare mai nauyin kilo 25 na shan kusan lita ɗaya da rabi a yini yana zaune, a tafiya cikin zafi kuwa sai a ninka masa, a kuma lissafa rabonsa tun ana cika jarkoki. A tsaya duk bayan sa'o'i biyu ko uku. A saka shi a keji ko a ɗaure shi da ɗamara, domin birki ɗaya ya isa ya wurga shi kan direba. Kafin a sauke shi a taɓa ƙasa da bayan hannu, abin da hannu bai jure ba ƙafarsa ma ba za ta jure ba. In kuwa aka ga yana tangaɗi, yawu na dalala, dasashi ya yi jawur, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa mai sanyi a yi masa fifita nan take, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, sa'an nan a nemi likita. A sansani kuma igiya ba zalunci ba ce. Hanyar Alhada da ke hawa Ɗa'ifa cike take da garken manyan birai da suka saba da karɓar abinci a hannun matafiya, kuma ba sa tsoron kare. Ga kunama, ga kaska, ga raƙuman mutane da ba su san wasa ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai-tsaye. Cikin 'yan uwanmu mazauna Jidda akwai masu aikin tuƙi da gadi da hidimar gida, kuma idan iyalin gida suka sauka suka shiga kanti ko masallaci, a hannun irinsu ake barin mota da abin da ke cikinta. Mutum na iya ƙyamar kare, ba wanda zai tilasta masa so. Amma in har ya karɓi makulli, ya karɓi amana, kuma idan dabbar ta mutu shi za a fara tuhuma. Gara ya faɗa tun a gida cewa ba zai iya ba. Su kuma masu gidan da sha'awa ke ƙare musu a hanya, su buɗe ƙofa su saki kare a daji su taka mota, su sani cewa tun shekara ta 2013 Saudiyya ta amince da dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf, wadda ta tanadi tara mai nauyi. Karen da ya tashi a kan kwano ba ya iya farauta. Ko dai ƙishirwa ta kashe shi, ko ya bi sahun karnukan da ke yawo a kangaye da gefen gari suna tsorata yara.

Kada kuma wani a Kano ko Maraɗi ya yi dariya ya ce wannan matsalar masu kuɗi ce. Mu ma muna da namu matafiya da karnuka, sun ma fi na Jidda yawa. Duk shekara bayan an kawar da amfanin gona, mafarauta kan cika a-kori-kura ko bayan tirela, su da karnukansu, su yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci zuwa dazuzzuka. Maharbi na ƙwarai ya san darajar karensa, yakan ba shi suna, ya yi masa magani, wani ma ya fi son a zage shi da a zagi karen. Amma sau nawa ake ganinsu a daure a kan ƙarfe mai zafi da tsakar rana, mota na tsaye a shingen bincike, ba ko kwanon ruwa?

Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Karen da ke zaune a gida ɗaya unguwarsa kaɗai zai cutar, amma wanda ke tafiya a mota, ya yi faɗa da dila a wannan daji, ya kwana a wancan ƙauye, ya dawo cikin yara a tsakar gida, shi ne ke ɗaukar cutar daga jiha zuwa jiha. Shi ya sa Baturen da ya shigo Saudiyya da karensa sai ya nuna takardar allura a kan iyaka, alhali tsakanin Katsina da Neja ba mai tambayar kowa.

Allurar kuwa ba daga nesa take ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki a can tun 1924, tana sarrafa ta, kuma masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsa. Mafarauta suna da ƙungiyoyi, suna da sarakunansu, suna kuma da ranar fita da kowa ya sani. Babu abin da zai hana ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi su aika da ma'aikaci ɗaya da akwatin ƙanƙara zuwa inda ake taruwa, makonni kaɗan kafin a tashi, a yi wa kowane kare allura a ba mai shi kati. Wanda kare ya ciza kuma, a gida ne ko a daji, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.