RA'AYINMU: Mai Zuwa Roma Ya Sauka Daga Mota

Cikin 'yan'uwanmu masu bi da suke zuwa ziyarar ibada, akwai waɗanda bayan Urushalima akan kai su Roma. Labarin da muke ji daga bakin waɗansunsu shi ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako. Da yawa ba su ga Roma ba sai ta tagar mota, watau daga masauki zuwa dandalin Bitrus, a ɗauki hoto, a wuce kasuwa. Waɗansu kuwa sukan tsaya a ƙofar majami'a su ƙi shiga, wai cike take da gumaka. A ganinmu duka biyun hasara ce.

Roma gari ne na tafiya a ƙasa. Daga Kolosiyum, tafiyar da ba ta kai minti 10 ba za ta kai mutum majami'ar San Kilimente, wadda aka gina a ƙarni na 12. A 1857 wani limami mutumin Ayalan, Joseph Mullooly, ya soma haƙa a ƙarƙashinta, sai ga wata majami'a ta ƙarni na 4. Da aka ci gaba sai ga gine-ginen ƙarni na 1, har da ɗakin da Romawa suka riƙa bautar Mitra. Mai sauka matakalan nan zai ga gunki na ainihi a can ƙasa cikin duhu da danshi, ga kuma ɗakin Ubangiji bisa kansa har hawa biyu.

A kan tudun Abentin kuma akwai Santa Sabina, wadda aka gina tsakanin 422 da 432. Ƙofarta ta katako tana nan, kuma a kusurwarta ta sama an sassaƙa Yesu tsakanin 'yan fashi biyu, hannuwa a miƙe. Wannan yana cikin siffofin gicciye mafi daɗewa da aka sani. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, mai gaggawa ba zai lura da shi ba.

To, ina batun gumaka? Umarnin da ke cikin Fitowa sura 20 yana nan daram, ba mu durƙusa wa aikin hannun mutum. Ba mu kuma manta cewa da kuɗin takardun gafara aka taimaka wa ginin majami'ar Bitrus ba, abin da ya ta da Martin Luther a 1517. Amma kallo dabam, sujada dabam. Wajen shekara ta 600 wani bishop a Marsai ta ƙasar Faransa ya farfashe siffofin majami'unsa. Fafaroma Giregori ya rubuta masa, ya yaba masa da ya hana a yi musu sujada, ya kuma tsauta masa a kan fasawar, domin wanda bai iya karatu ba a jikin bango yake ganin labarin. Mu da muke kafa farin ƙyalle a ƙauyuka muna nuna fim ɗin Yesu da Hausa, ai bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba.

Wanda yake shakka ya shiga San Luwiji, majami'ar Faransawa, ya tsaya gaban zanen da Karabajiyo ya gama a 1600, na kiran Matiyu mai karɓar haraji. Mutane suna zaune kan kuɗi, Yesu ya miƙa hannu, haske ya ratso ɗakin, ɗaya ya ɗaga yatsa cikin mamaki, wani saurayi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, yana ta ƙirga tsabarsa. Fasto zai yi wa'azin wata guda a kan wannan saurayi kaɗai.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ayari da fastoci masu rakiya su ware yini guda na tafiya a ƙasa, su karanta tarihin wuraren tun daga gida, kada su bar wa mai jagora komai. A sa tufafi masu rufe kafaɗa da gwiwa, a kuma fita da sassafe, gama waɗansu majami'un sukan rufe da tsakar rana. Shiga San Luwiji kyauta ne, amma sauka ƙarƙashin San Kilimente sai da tikiti.