Na Ci Yanzu da Na Ajiya

Kaka ta yi, ga hatsi ya cika kasuwar Muda Lawal, kowa sai cewa yake a saya a ajiye tun da araha. To ni dai ban yarda komai ake ajiyewa ba.

Mu da iyayenmu suka taso daga Maraɗi mun saba da rumbu, inda gero ke shekara a damensa babu abin da ya same shi. A nan kuwa gidan haya muke, ɗaki ɗaya ga siminti mai danshi, amma har yanzu lissafin rumbu muke yi.

Abin da na koya a shagon Baba shi ne, akwai kayan da kwana ke ƙara musu daraja. Shinkafa ce kan gaba. Sabuwa caɓewa take yi a tukunya, wadda ta yi watanni kuwa ta fi auki, ta fi warwarewa. Ku tambayi iyayenmu mata. Ita kam a saya a ajiye, a ɗora buhun kan katako. Gero da dawa ma suna jure zama in sun bushe sosai.

Wake ne matsalar. Wata shekara Baba ya zuba jarinsa a wake, ya sa a buhun da aka saba. Kafin bazara muka kwance, wallahi sai ƙwari da gari, kuɗin makarantar ƙanena ya tafi a nan. In ba za ka sayi buhun PICS ba, mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, to sayi kwanon da za ku cinye a wata guda kawai. Ƙwarin iska suke rasawa su mutu, ba sai an zuba magani ba. Amma fa leda ta huje, an gama.

Albasa kuwa kullum raguwa take yi, ci abarka.

Sai maganar riba. Bayan rufe iyakar Nijar a 2023 da tsadar 2024, mutane sun ɗauka farashi ba ya saukowa. A 2025 ya sauko, masu ɓoyo da bashi suka ji jiki. Ni bana buhun shinkafa ɗaya na ajiye, da na gero ɗaya, na cin gida. Wake kuwa kwano uku na auna.