Asalin Sunaye: Washinton, daga ƙauyen Ingila zuwa zuri'ar bayi

Duk mai sauraren labarun duniya a rediyo ya san sunan Washinton, don ba a wuni ba a ambace shi ba: yau a ce Washinton ta yarda, gobe a ce ta ƙi. Amma kaɗan ne suka san cewa kafin ya zama sunan babban birnin Amurka, sunan mutum ne, kafin ya zama na mutum kuwa, sunan wani ɗan ƙauye ne a arewa maso gabashin Ingila, kusa da birnin Sunderland, daura da kogin Wear.

Waɗanda suka raɗa wa ƙauyen suna su ne Angal da Sakson, ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak tun cikin ƙarni na 5, suka zauna tsibirin, harshensu ya zama tushen Ingilishi. A bakinsu, kalmar "tun" na nufin gona ko gida da aka kewaye da shinge, "ing" kuma na nufin mutanen wane. Gaban sunan, a ganin akasarin masana, sunan wani magidanci ne, Wassa ko Hwassa. Ke nan ma'anarsa ba ta wuce "gidan su Wassa" ba, kamar yadda ake samun Gidan wane ko Tungar wane a ƙasar Hausa.

Su dai Angal da Sakson ba su san sunan dangi ba, kowa da sunansa guda. Al'adar ta shigo ne tare da Normawa, waɗanda suka taso daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a shekara ta 1066. Manyansu sukan kira kansu da sunan ƙasar da suka mallaka, su sa "de" a gaba. Haka wani mai suna William de Hertburn ya yi: ya yi musayar ƙasarsa ta Hertburn da babban limamin cocin Durham, ya karɓi ƙauyen Wessyngton, kamar yadda wani littafin haraji na shekara ta 1183 ya nuna. Da ƙasa ta sake, sai suna ya sake, ya zama William de Wessyngton. Kiran mutum da garinsu ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san Aminu Kano da Shehu Shagari. Bambancin shi ne, can sunan ya zama gado, ya bi jikoki har inda ba su taɓa ganin ƙauyen ba.

Wani reshe na dangin ya gangara yankin Lancashire, "de" ta faɗi a hanya. Daga reshen nan ne Lawrence Washinton ya fito, attajirin da ya yi arziki da fataucin gashin tumaki, ya yi magajin garin Northampton. A 1539, bayan sarki Henri na 8 ya ƙwace dukiyar gidajen ibada na ɗariƙar Katolika, sai ya sayi ƙasar Sulgrave ya gina gida. A bisa ƙofar gidan har yanzu akwai tambarin dangin: taurari uku a sama, ratsi biyu a ƙasa. Daga gare shi aka ɗauki tutar birnin Washinton a 1938. Zancen da ake yi cewa tutar Amurka ita ma can ta samo asali, wannan ba shi da hujja.

Abin da ya kai sunan Amurka kuwa karayar arziki ce. Wani Lawrence ɗin, daga zuri'ar na farko, limamin coci ne a garin Purleigh, ya goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila. A 1643 ɓangaren majalisa ya tuɓe shi, aka ɗora masa laifin yawan zama gidajen giya, ya ƙare kwanansa cikin talauci. Ɗansa John, da ya ga ba abin da zai gada, sai ya shiga aikin jirgin ruwa mai fataucin taba. A 1657 jirgin ya kafe a kogin Potomak na Birjiniya. John bai koma gida ba: ya auri ɗiyar wani mai gona, Anne Pope, surukinsa ya ba su ƙasa kimanin hekta 280. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi Joj a 1732.

Joj Washinton ya ja rundunar da ta ƙwaci ƴancin Amurka daga hannun Ingila, ya yi shugabancin ƙasa daga 1789 zuwa 1797, tun yana raye aka sa wa sabon babban birnin sunansa a 1791. Sai dai Allah bai ba shi haihuwa ba. Matarsa Marta ta zo masa da ƴaƴa biyu na mijinta na fari, masu sunan Custis. Duk wanda ke jinin dangin a yau, ta wajen ƴan'uwan Joj ya biyo.

Abin da Joj ya tara shi ne bayi. Yana ɗan shekara 11 ya gaji guda 10 daga mahaifinsa. Sa'ad da ya rasu a 1799, bayi 317 ne a gandunsa na Mount Vernon, 123 daga cikinsu nasa ne na kansa. Ya bar wasiyya cewa a ƴanta nasa bayan rasuwar matarsa, amma ita Marta ba ta jira ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu 1801. Ana yaba masa wannan wasiyya, kuma ta cancanci yabo, don a cikin shugabannin farko masu bayi da yawa ba wanda ya yi irinta. Amma fa mutum 153 na gadon gidan Custis ne, wasiyyar ba ta shafe su ba. Da Marta ta rasu a 1802 aka raba su tsakanin jikokinta, alhali da yawansu sun yi aure da waɗanda aka ƴanta: miji ɗa, mata baiwa, ƴaƴa kuma suna bin uwa.

Bayan yaƙin basasar Amurka, a 1865, aka haramta bauta, mutum wajen miliyan 4 suka sami kansu. Da yawa ba su da sunan dangi a takarda, ga shi kuwa ana bukatarsa wajen ɗaurin aure da ƙwadago da zaɓe. Wasu suka riƙe sunan tsohon ubangijinsu don dangin da aka sayar nesa su iya gano su, wasu suka yar da shi. Dubbai suka zaɓi Washinton, ba don sun fito daga gandun Joj ba, sai don suna ne da ba Ba'amurken da zai ce bai san shi ba, mai ɗauke da shi kuwa ya nuna shi ma ɗan ƙasa ne.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Booker T. Washinton, wanda aka haifa bawa a Birjiniya a 1856. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar da ya fara shiga lakkal, ya ji malam na kiran yara kowa da suna biyu, shi ko guda gare shi, da aka zo kansa sai ya ƙara da Washinton. A 1881 ya zama shugaban farko na makarantar Tuskegee ta jihar Alabama, wadda ta horar da malamai da masu sana'a baƙar fata.

A ƙidayar jama'ar Amurka ta shekara ta 2000 an sami mutum 163,036 masu sunan Washinton. Kashi 90 cikin 100 baƙar fata ne, kuma a cikin sunayen dangi da suka fi yawa a ƙasar babu wanda ya kai shi wannan kaso.