Kada Ka Amince da Tafkin Ninkayar da Babu Kulorin

Mai karatu, idan ka kai yaranka wurin ninkaya na otal a lokacin zafi ko hutun Sallah, mai yiwuwa ka ji mai kula da wurin yana alfaharin cewa sun sa na'urar ozon, don haka ruwansu ba ya buƙatar kulorin. Shawarata ita ce, kada ka bar yaro ya tsoma ƙafa a ruwan da aka yi wa wannan kirari.

Ozon iska ce mai ƙone datti da ƙwayoyin cuta, ta ma fi kulorin kaifi. Akwai kuma na'urorin da ke haɗa ta da hasken UV don ƙara mata ƙarfi. Sai dai duk aikin nan a cikin bututun ɗakin inji yake faruwa. Ozon ba ta wuce 'yan mintoci a ruwa, kuma da gangan ake cire ragowarta kafin ruwan ya koma tafki, domin shaƙarta na cutar da huhu. Ruwan tafki kuwa sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya zagaya ta cikin injin. To, idan mai gudawa ya shiga ruwa, ɗanka kuma yana kusa da shi ya haɗiyi ruwan, me zai shiga tsakaninsu? Babu, sai kulorin da ke narke a cikin tafkin.

Ban ce na'urar ba ta da amfani ba. Gumi da fitsari da man shafawa su ke cinye kulorin, su mayar da shi kuloramin, wanda shi ne ke kawo warin nan mai hawa kai, da jan ido, da tari. Ozon tana ƙone wannan datti, sai kulorin ya daɗe yana aikinsa, a rage yawan da ake zubawa. Haka nan akwai ƙwayar cutar gudawa mai suna kiriftosforidiyam, wadda ke iya rayuwa fiye da mako guda a ruwa mai kulorin, amma ozon da hasken UV suna gamawa da ita da wuri. Duk da haka, ko a Jamus, inda aka daɗe ana amfani da ozon a wuraren ninkaya, ƙa'idarsu ba ta yarda a bar ruwa babu maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke narke a cikin tafkin ba.

Ka kuma sani, hasken UV da ozon kansu suna cin wani ɓangare na kulorin, rana ma haka take yi. Sannan na'urar da wutar lantarki take aiki. Da an ɗauke wuta ta tsaya. Saboda haka tafki mai na'ura ma sai an auna shi kullum. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar kada kulorin ya gaza miligiram 1 a kowace lita, ma'aunin pH kuma kada ya haura 7.8, domin idan ya haura ƙarfin kulorin yana raguwa.

Don haka kafin ka biya kuɗin shiga, nemi a nuna maka awon ranar. Idan babu, ko ka ga ruwan ya yi duhu har ba a hango ƙasan tafkin, ka koma da yaranka gida. Kai ma ka sauke naka nauyin: a watsa ruwa kafin a shiga, kuma yaron da ke gudawa ya zauna a gida har ya warke. Allah ya ƙara mana lafiya.