Inshorar lafiya: "Ba ya cikin jeri" bai isa amsa ga mai fama da rashin barci ba

A Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, barci yana daga cikin jarin ɗan kasuwa. Mai shagon atamfa da ya kwana ido biyu shi ne zai ba da canjin da ya wuce ƙa'ida. Ɗan dakon da bai runtsa ba shi ne zai yi tuntuɓe da kaya a ka. Direban Keke Napep da ke jigilar masu sayayya a titin Ahmadu Bello Way, idan gyangyaɗi ya ɗauke shi, ba ransa kaɗai ya saka a hatsari ba. Duk da haka, rashin barci na cikin cututtukan da aka fi rainawa, har a wurin masu biyan kuɗin magani.

Tun da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, shiga inshorar lafiya ya zama wajibi ga 'yan Najeriya. Jihar Kaduna ma tana da tata hukumar, KADCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018, kuma tana neman 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu su shiga. Wannan ci gaba ne. Sai dai duk wanda aka wajabta wa biya, ya cancanci a ba shi amsa mai ma'ana ranar da aka ƙi biya masa.

Ga yadda matsalar take faruwa. Kowane magani yana da cutar da aka yi masa rajista dominta. Amma likitoci a duk duniya sukan rubuta magani don wata cuta daban, idan ilimi da gogewa sun nuna yana amfani. Misali, amitriptyline maganin ciwon damuwa ne, amma likitoci kan ba da ƙaramin awo daga cikinsa ga mai fama da rashin barci, musamman idan akwai ciwon jijiya a tare. Haka trazodone, wanda a Amurka ya yi fice wajen sa barci alhali don ciwon damuwa aka yi masa rajista. Doka ba ta hana likita yin haka ba. Amma inshora da jeri take aiki: ga magungunan da aka amince a biya, ga cutar da ta dace da kowanne. Idan takardar likita ta ce rashin barci, maganin kuma an san shi da wata cuta, ko kuma sam ba ya cikin jerin, sai a ce wa majiyyaci ya je ya saya da kuɗinsa. A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, wanda ya saba biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani sai ya wayi gari da biyan kashi 100.

Adalci ne a saurari masu inshora. Inshora kamar adashi ce, kuɗin jama'a ne aka tara, kuma idan aka biya duk abin da kowane likita ya rubuta, asusun zai ƙare kafin a kai ga mai naƙuda da mai ciwon sukari. Ba kowane amfani da magani a wajen rajistarsa ne yake da ƙwaƙƙwarar hujja ba. A 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a riƙa amfani da trazodone don rashin barci mai daɗewa, saboda hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi. Masana sun fi fifita a fara da horon gyaran ɗabi'un barci da tunani kafin a kai ga ƙwaya. Shi kansa amitriptyline yana busar da baki, yana sa jiri, kuma yana iya taɓa bugun zuciya. Don haka ba duk ƙin biya ne zalunci ba.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ƙin biya na baka, ba dalili a rubuce, ba madadin magani, ba kuma bayanin inda za a kai ƙorafi. Domin wanda aka sallama da "ba ya cikin jeri" ba gida yake komawa ya yi barci ba. Kemis yake nufa. A can kuma abin da ya fi saurin samu shi ne diazepam da danginsa, ƙwayoyin da ke sa barci a daren farko amma jiki ya saba da su cikin 'yan makonni, har mutum ya kasa rabuwa da su. Idan kuma asalin matsalarsa yankewar numfashi ce a cikin barci, wadda kan zo da minshari mai ƙarfi, irin waɗannan ƙwayoyi suna iya ƙara ta'azzara ta. Arewa ta riga ta ɗanɗana wannan kuɗar. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan kuɗin da inshora ta tsimi yau suna iya komawa kuɗin jinyar watanni a Asibitin Masu Taɓin Hankali na Tarayya da ke Barnawa.

To, mene ne abin yi ga wanda aka ƙi biya masa? Da farko, kada ya ɗauki maganar ma'aikacin da ke bayan kanta a matsayin hukuncin ƙarshe. Ya tambayi wanda ya ƙi: asibitin ne, ko kamfanin HMO da ke ba da lambar izini, ko hukumar inshorar? Ya nemi dalilin a rubuce, da kwanan wata. Dalilan ba ɗaya ba ne. Wani lokaci maganin ne babu a jeri, wani lokaci yana ciki amma sunan cutar da aka rubuta ne bai dace da shi ba, wani lokaci kuma matakin asibitin ne bai kai ba, sai an tura shi ga ƙwararre. Kowanne da irin gyaransa, kuma wasu a rana ɗaya ake warware su.

Na biyu, ya koma wurin likitansa. Takardar likita ita ce ginshiƙin ɗaukaka ƙara. Ta bayyana cutar da tsawon lokacinta, magungunan cikin jeri da aka gwada suka gaza ko suka yi illa, dalilin zaɓar wannan magani, awonsa da tsawon lokacin da za a sha, da abin da ake tsoro idan ba a sha ba. Idan ana buƙatar ra'ayin ƙwararre, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Majiyyaci ma yana da nasa aikin: ya rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa na mako biyu, ya adana rasit ɗin duk maganin da ya saya, domin da rasit ake neman a mayar da kuɗi.

Na uku, ya shigar da ƙorafin a rubuce, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Idan asibiti ko kamfani bai saurare shi ba, ya kai ga KADCHMA ko ofishin NHIA na jiha, gwargwadon tsarin da yake ciki. Bayan su akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda ta gaji hukumar da ta fito da kundin haƙƙoƙin majiyyata a 2018, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

Masu cewa ƙorafi a Najeriya ɓata tawada ne su duba alƙaluma. NHIA ta sanar da cewa a 2024 ta karɓi ƙorafe-ƙorafe 3,507, ta kuma hukunta asibitoci 49 da kamfanonin HMO 47, har wasu suka mayar wa mutane kuɗinsu. Daga watan Afrilun 2025 ta umarci kamfanonin su riƙa ba da lambar izinin jinya cikin awa ɗaya. A Amurka, inda dokar 2010 ta bai wa majiyyaci damar kai ƙara gaban masu bita masu zaman kansu, alƙaluman shirin Medicare Advantage sun nuna cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke ɗaukaka ƙara idan aka ƙi ba su izini, amma sama da kashi 80 na waɗanda suka ɗaukaka suna yin nasara. Ke nan mafi yawan masu asara ba kayar da su aka yi ba, shiru suka yi.

Sai dai bai kamata a ɗora wa majiyyaci dukkan nauyin ba. Mai shagon da rufe shagonsa na yini ɗaya ke nufin rasa cefanen gida ba zai iya zaryar ofisoshi ba. Ya kamata hukumomin inshora su fito da bayyananniyar hanyar neman izini na musamman ga maganin da ba ya cikin jeri, da wa'adin ba da amsa, kuma likita ko masanin harhaɗa magunguna ne zai duba buƙatar, ba akawu ba. Duk ƙin biya ya zo da dalili da madadi. A buga matakan ƙorafi da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a asibitoci. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma, da yake su ake bi wajen yi wa mambobi rajista, su nemi a kafa teburin karɓar ƙorafi a cikin kasuwar, ko da sau ɗaya ne a mako. Wanda ya iya shigowa kasuwa karɓar kuɗin rajista, ya iya shigowa sauraron koke.

Amana ce ke riƙe da inshora, kamar yadda take riƙe da bashin da ake ba abokin ciniki a kasuwa. Ɗan kasuwar da aka ƙi biya wa magani ba tare da bayani ba zai ba maƙwabtansa goma labari, kuma da wuya su sabunta rajista baɗi. Wanda aka yi wa bayani, ko da bai samu abin da ya nema ba, zai san an ɗauke shi mutum. Lafiya uwar jiki ce, barci kuma na cikin tushenta. Ya rage ga hukumomi su sauƙaƙa hanyar ƙorafi, ya kuma rage ga jama'a su daina barin haƙƙinsu a bakin kanta.