Kimiyya a Sauƙaƙe: Idan Sojojin Jiki Suka Wuce Gona da Iri

Ƙannenmu 'yan makaranta, a darasin bayoloji an koya mana cewa fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki. Yau za mu ga yadda likitoci ke tura su yaƙi da sankarar jini, da abin da kan biyo baya.

Ana kiran wannan hanya CAR-T. Akan ɗebi wasu fararen ƙwayoyi masu suna T daga jinin majiyyaci, a gyara su a ɗakin gwaje-gwaje don su riƙa gane sankara, a yawaita su, sannan a mayar masa. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani guda biyu, Kymriah da Yescarta. Na biyun domin manya ne masu sankarar limfoma.

Sai dai yaƙi ba ya rasa ɓarna. Cikin 'yan kwanaki sojojin kan saki sinadaran saitokain fiye da kima. Zazzaɓi ya kai digiri 38 ko fiye, jini ya sauka, iskar oksijin ta yi ƙaranci a jiki. Idan abin ya tsananta, sai a garzaya da majiyyaci sashen kulawa ta musamman, a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi maganin ɗaga jini, wani lokaci har da na'urar numfashi. Akan kuma yi amfani da tosilizumab, wanda asalinsa maganin ciwon gaɓoɓi ne, don toshe hanyar wani saitokain mai suna IL-6.

Matsala ta biyu ƙwaƙwalwa take taɓawa. Don ganowa da wuri, malaman jinya kan yi wa majiyyaci gwaji mai maki 10: ya faɗi shekara da wata da gari da asibitin da yake, ya ambaci sunayen abubuwa uku, ya bi umarni ɗaya, ya rubuta jimla, ya ƙirga daga 100 yana komawa baya goma-goma. Dattijon da jiya ya yi rubutu tsaf, yau ya kasa, to alama ce. Likita kan ba shi maganin sitiroyid, kuma yawanci akan warware.

Kun ga ke nan, duk tsadar magani, ran majiyyaci na iya rataya a kan malamar jinyar da ta gwada rubutun yau da na jiya. Mu da ke burin aikin asibiti, mu koyi lura tun daga aji, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.