Ajiye Darasin Kiɗa Da Waƙa: Shin Yana Hana Yaro Shiga Jami'a?

Duk lokacin da yara suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare aka ce su zaɓi darussa, iyaye a nan Unguwar Dosa sukan tare mu bayan sujada da tambaya iri ɗaya: in yaro ya ajiye darasin kiɗa da waƙa, zai rasa gurbi a jami'a? Wasu kuma tambayarsu ita ce, in ya riƙe shi zai ƙara masa daraja?

A gaskiya ajiye shi ba ya hana shiga jami'a. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu take jarraba ɗalibi a kansu: Turanci, wanda ya zama dole, sai uku da suka dace da karatun da yake nema. Mai son likitanci zai rubuta Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Mai son zama lauya ba shi da makawa sai da Adabin Turanci, ya haɗa da irin su Gwamnati ko Ilimin Addinin Kirista. Bayan haka, jami'o'i kamar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna suna neman kiredit biyar na WAEC ko NECO a darussan da suka shafi karatun. Kiɗa da waƙa ba ya cikin sharuɗɗan likitanci ko injiniya ko lauya. Wanda bai kamata ya sake shi ba shi ne mai niyyar karanta kiɗan kansa, a irin Jami'ar Nsukka ko ta Ile-Ife.

Mun lura ruɗanin yakan fito ne daga 'yan'uwanmu da ke Amurka, inda manyan jami'o'i da dama suke duba ko ɗalibi ya yi kwaya ko wasanni. Can haka ne. A nan babu mai tambayar yaro ko ya iya jita. Abin da ya fi ka da yaranmu shi ne haɗa darussan da ba su dace ba, ko faɗuwa Turanci, har yaro ya sami maki mai yawa a JAMB amma ya shekara a gida. Tun da WAEC ba ta yarda a wuce darussa tara, yaron da ya ajiye waƙa don ya ɗauki Kemistiri bai yi laifi ba.

To amma akwai abin da ya fi damunmu. Makarantu nawa ne ma suke da malamin kiɗa? Tun da manhajar 2007 ta cusa shi cikin darasin al'adu da fasaha a ƙaramar sakandare, yara da yawa suna gamawa ba su san do, re, mi ba. Saboda haka, in uba ya ce yaronsa ya "bar waƙa", sau da yawa ba darasin makaranta yake nufi ba. Yana nufin ya cire shi daga kwaya da ƙungiyar Birged, domin ya je lesin na yamma. Nan ne asarar take, kuma ikilisiya ce ke ɗaukarta.

Kowa ya san tun bayan rikicin shekara ta 2000 iyalai da yawa suka ƙaura zuwa tsallaken kogi, su Sabon Tasha da Narayi. Majami'un da suka rage a wannan gefen ba su da yawan matasa kamar dā. In yara uku suka bar kwaya, ranar Lahadi kowa zai ji giɓin. Waɗanda suka iya karanta sol-fa, su ta da waƙa daga Littafin Waƙoƙi ba tare da an ja ta ta karkace ba, yawancinsu furfura ta fito musu. Zumuntar Mata ce ke rufa mana asiri, Allah ya sa musu albarka, amma su ma suna bukatar magada.

Ba mu ga laifin iyaye ba, domin kuɗin jarrabawa ba wasa ba ne, kuma babu mai son biya sau biyu. Laifin namu ne shugabanni, da muke sa koyon waƙa sau uku a mako har dare, ko da jarrabawa ta ƙarato. Shawararmu ga dattawan ikilisiya ita ce a rage wa 'yan ajin ƙarshe zuwa Asabar kaɗai har su gama. A kuma sami malamai biyu ko uku daga cikinmu su zauna da iyaye da kundin sharuɗɗan JAMB, su duba darussan kowane yaro tun yana aji ɗaya, kafin a rufe rajistar WAEC.